Yadda Uberlinda Ta Kusa Nutsar da Tafarnuwar Uwarta

Doña Uberlinda Chiguay ba ta iya zubar da ruwa. Ko wanda ta wanke dankali da shi ne, sai ka gan ta tsaye a ƙofar kicin da kwano a hannu tana waige-waige, tana neman abin da ke jin ƙishi. Wannan kuwa a Ancud ne, garinmu na tsibiri mai yawan ruwan sama, inda gansakuka ke tsirowa a kan rufi, a kan shinge, har a kan takalmin da aka manta a waje. Ita da bakinta take ba da labarin kanta, tana dariya har sai ta share ido da gefen gyale. Takan ce kwaɗo ce ta bar tsibirin nan, ƙadangaruwa ta dawo.

A ƙauye aka haife ta, can bayan gari. Ita ce ƙarama a 'ya'ya mata biyu na Doña Eduvina, wadda har yau tsofaffi ke tunawa da ita saboda tafarnuwa. Dunƙule ɗaya na tafarnuwar Eduvina yakan cika hannun namiji. Sai dai tun suna yara aka raba musu aiki. Orfelina, babbar, ita ke bin uwar lambu. Uberlinda kuwa tumaki da kaɗin ulu aka ba ta, wai hannunta ya fi laushi. Saboda haka ta san tafarnuwar a rataye bayan murhu, ta san ta a cikin tukunya, amma ba ta taɓa lura da yadda take kwana a ƙasa ba.

A wajen bikin coci ta haɗu da Baldomero, mai dogon wuya da dariya kamar tari. Suka yi aure, ya ɗauke ta sai arewa, garin Calama, inda ya samu tuƙin babbar mota a mahaƙar tagulla. A can ba a ruwan sama. Ranar da aka ɗan yi yayyafi sai mutane su fito ƙofar gida suna kallon sama baki buɗe. Matar da ta tashi cikin kore ta kusa zaucewa. Wata tsohuwa 'yar can ce ta ji tausayinta ta koya mata dabara: a haƙa kwami, a zagaye shi da ƙasa kamar bakin kwano, a sa shuka can ciki inda iska ba ta kaiwa, ko ɗigo kada ya tsere. Ruwan wanki, ruwan wankan yara, ruwan da aka tace taliya, duk cikin kwami. Kafin a ce haka bayan gidanta ya zama wurin zuwa kallo, ga tumatir, ga ganyen miya na faski, har da bishiyar lemon tsami. Matan ma'aikata suna cewa, "Ai 'yar kudu ce, a jininsu abin yake." Ta yarda da su fiye da shekara talatin. Wannan yardar ce, in ji ta, ta kai ta ta baro.

Ƙurar mahaƙa ta cinye ƙirjin Baldomero a hankali. Ta yi jinyarsa, ta binne shi a ƙasar da ko ciyawa ba ta fitowa. 'Ya'ya sun watse, wani Santiago, wata Antofagasta. Sai ta tattara carbinta da tukwanenta ta dawo gida, ta kama ɗan ɗaki biyu a layi ɗaya da yayarta.

Orfelina ba ta taɓa barin tsibiri ba sai sau ɗaya, da aka kai ta asibiti a Puerto Montt, ta dawo tana cewa mutanen can ba su iya gaisuwa ba. Ita ta riƙe gonar uwarsu, ita ke mayar da tafarnuwar ƙasa kowace kaka tun rasuwar tsohuwar. Amma gwiwoyi suka ƙi, aka sayar da gonar, ta dawo gari wajen ɗanta. Abin da ya rage daga girbin ƙarshe yana rataye bayan murhunta, tufka ɗaya tak. Tafarnuwa kuwa ba wake ba ce da za a zuba a kwalba a manta. In kaka ta wuce ba a mayar da ita ƙasa ba, sai ta bushe ta zama ɓawo, iri ya ƙare daga nan.

A shekarar ne ƙungiyar unguwa ta samu aron filin da ke bayan ƙaramin cocinmu na katako, aka yanyanka shi don masu son lambu. Da yake Uberlinda tana cikin baƙaƙen kaya har lokacin, sai aka ce a girmama ta, ita za ta fara zaɓa. Filin gangare ne. Ta riƙa sauka tana murza ƙasa da yatsu kamar mai sayen gari, ta wuce na sama, ta wuce na tsakiya, har can ƙarshe inda filin ya lotsa, ciyawar fadama ta yi duhu. Ta durƙusa ta damƙi ƙasar, baƙa, mai sanyi, mai danshi. Daɗi ya rufe ta. A Calama da sai an je gaban alƙali a kan irin wannan wuri.

"Nan," ta ce.

Aka dubi juna. Mu mutanen nan muna da wata ɗabi'a, Allah ya yafe mana. Ba ma iya ce wa babba ya yi kuskure, balle mai takaba. Sai mu ce "to", mu ja ta da tsawo, mu tafi gida muna ganin mun faɗi komai.

Don Artemio Bahamonde, tsohon masassaƙin jiragen ruwa, ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Doña Ube, nan ɗin dai?"

"Nan ɗin, Don Artemio."

"Tooo. Wuri ne da ruwa ke so ƙwarai."

"Abin da na gani ke nan," ta ce, tana danne murmushi.

Shi sai na can sama ya samu, mai tsakuwa, inda iska ke bugu. Har tausayinsa ta ji, ta sa shi a addu'arta ta yamma.

Daga filin gidan Orfelina ta wuce. Ta same ta gefen murhu, ƙafafu a kan 'yar kujera, tana zuƙar shayin mate.

"Yaya, na samu wuri. Ƙasa kamar a ci da cokali. Ki ba ni tafarnuwar Inna."

"Ke? Ke da ko tumaki sai sun ɓace miki?"

"Shekara nawa ina lambu a inda tsuntsu ma ba ya samun na sha?"

"A gwangwani."

"Wane irin gwangwani! Har lemo na yi."

"Ni da na yi tunanin in ba Artemio. Mutum ne mai natsuwa."

Uberlinda ta yi alamar gicciye. "Artemio? Inna da in maƙwabciya ta roƙi ta miya sai ta yanke gindin kowace ƙwaya da wuƙa, don kada a je a shuka? Ki ba bare? Da ƙafarta za ta taso daga kabari."

Orfelina ta daɗe tana kallon tufkar, sannan ta nuna ta da baki.

"Sauko da ita. Kada ki shuka sai wata ya fara raguwa. Ki binne ciyawar teku tukuna. Tsini sama, gindi ƙasa, in ba a koya miki a kife ba a arewa."

Ba ta tambayi wane wuri ƙanwar ta zaɓa ba. Gwiwa ba ta barin ta ta je ta gani, kuma bai taɓa zo mata a rai ba cewa 'yar Eduvina za ta buƙaci a gaya mata abin da ruwan hunturu ke yi a tsibirin nan.

Ba wai Uberlinda ta manta ana ruwa a garinsu ba ne. Kanta ya sani sarai. Hannunta ne bai sani ba. Duk abin da yayar ta ce ta yi shi: ta tura baro bakin teku ta kwaso ciyawa, ta binne, ta jira wata. Amma da aka zo gyaran ƙasa, sauran masu lambu suna ta tada kunyoyi masu tsayi kusan gwiwa, da magudana a tsakaninsu, ita kuwa ta dube su ta ce a ranta, mutanen nan lambu suke yi ko maƙabarta? Ta sauke fartanya ta shiga haƙa kwami bayan kwami, reras, kowanne da ɗan bangonsa zagaye. Ta sa faffaɗan wake da koren wake a gefe, ta sa ƙananan albasa, da kabejin ganye mai jure sanyi. Tafarnuwar Inna kuwa ta ba ta wurin girma, tsakiya, inda ya fi zurfi.

Sai Allah ya bar ta da wayonta. Afrilun shekarar, wanda a wajenmu kaka ce, ya zo da rana mai kyau, irin wadda ba mu saba gani ba. Saman ƙasa ya ɗan yi fari, Uberlinda ta kasa zama. Kowace safiya bayan addu'a sai ga ta da bokiti biyu daga famfon coci. Doña Floridema, mai lambun tsakiya, wadda bakinta ya fi na kowa kaifi a unguwa, ta jingina da shebur ta bi ta da kallo.

"Maƙwabciya, baftisma kike musu?"

"Ƙishi suke ji, Doña Flori."

"Tooo. To Allah ya sa su shiga aljanna."

Nata ne ya fara tsirowa. Tafarnuwa ta soke ƙasa da koren tsini tun na kowa yana barci. A ƙofar coci ranar Lahadi ba ta yi fahariya ba, don ba halin mai ibada ba ne. Ta dai tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya ko nasa ya fito, da muryar jaje.

A cikin Mayu iska ta juyo daga arewa, wadda ita ce ke kawo mana ruwa. Ya sauka kamar yadda ya saba, a kwance, ba tsawa ba hayaniya, ba kuma niyyar tashi. Uberlinda ta zauna gefen murhu tana jan carbi tana gode wa Ubangiji. Har tukwane da robobi ta jera a tsakar gida don tara. Da suka cika ta rasa inda za ta juye, ta tsaya tana kallonsu suna ambaliya, sai wani abu ya ɗan taɓa mata zuciya. Ta kore shi. Ruwa ai albarka ne.

Ranar da ya sassauta ta sa takalmin roba ta nufi bayan coci. Daga saman gangare ta hango kunyoyin mutane a tsaye, baƙaƙe, ruwa yana gudu a magudanan tsakaninsu, yana sauka, yana sauka. Ta bi shi da ido har inda yake taruwa. Lambunta babu shi. Tafki ne a wurin, sama tana haskawa a ciki, agwagin mai sharar coci suna iyo a kan waken da ta shuka. A tsakiya tsinin ganyen tafarnuwa ya ɗan leƙo, kamar yatsun mai neman a cece shi.

Ta shiga. Ruwan ya haura bakin takalmin ya cika shi, sanyi ya hau mata har haƙori. Ta naɗe hannun riga ta cusa hannu cikin laka ta zaro ƙwaya ɗaya. Ta lotse a yatsunta kamar dafaffen dankali, wari ya taso. Ta zaro wata, ita ma haka. Ta uku ce ta ji ta da ƙarfi, da fararen saiwoyinta. Ta rungume ta a ƙirji, laka da komai, ta waiga ta ɗauki bokitin nan na ban-ruwa ta shiga kwarfa. Ta kwarfa ta watsa gefe, ruwan ya zagayo ya dawo wajen ƙafarta kamar karen gida.

"Doña Ube!" Don Artemio ne daga sama, cikin bargonsa na ulu. "In kwalekwale kike so, har yanzu ina da kayan aiki. Sai in auna ki."

Ba ta ɗago ba. Ya sauko a hankali yana dogara shebur, ya karɓi ƙwayar ya matsa ta da babban yatsa, ya shinshina. Wasa ya bar fuskarsa.

"Wannan tana da rai. Akwai irinta a ciki, amma ba za su jira ki ba. Sai an yanka magudana daga nan har ramin bakin hanya, a ɗago su da ƙasarsu, a kai su tudu. Ba aikin mutum biyu ba ne, balle tsofaffi. Sai kin roƙi minga."

Minga ita ce gayyarmu, kuma tana da ƙa'ida. Ba a aika saƙo, ba a buga waya. Mai buƙata da ƙafarsa yake zuwa ƙofa-ƙofa, ya tsaya, ya ce roƙo ya zo yi, ya faɗi abin da ya same shi da bakinsa. Ba a biyan kowa, amma sai an ciyar da mutane har su kasa sunkuyawa. Uberlinda ta tuna fuskokin da ta yi wa jaje a ƙofar coci. Ta dubi ƙwayar da ke hannun Don Artemio. Ta zubar da ruwan bokitin.

Gidan Orfelina ta fara zuwa, don a can babbar tukunya take, kuma don wani ɗan fata da take ɓoye da shi. Ta san yayarta. Matar da ke ajiye zaren buhu da murfin kwalba ba za ta saki duk irin Inna a hannun 'yar gwangwani ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗiga, ta faɗi komai, ba ta rage ba, har agwagin.

Orfelina ta ajiye ƙoƙon mate.

"Wane wuri kika ce?"

"Na ƙasa. Wajen ciyawar fadama."

"Kika kuma haƙa rami a cikin rami."

"Kwami."

"Maryamu Uwar Allah. Duk unguwa suna tsaye suna kallo? Ba wanda ya ce miki komai?"

"Sun ce 'to'."

"To nawa?"

"Kowa ya ce, Yaya. Wasu sau biyu."

"Ai kuwa sun gaya miki!" Orfelina ta daki cinya. "Ke ce kunnenki ya bushe a hamada. Su kuma tumakai, ba wanda ya zo ya gaya mini don kada raina ya ɓaci. Ga shi bai ɓaci ba."

Uberlinda ta matso kusa da ita. "Yaya, nawa kika ɓoye?"

"Me?"

"Na san kin ajiye wasu. A cikin akwati, ko ƙarƙashin gado. Ba zan ji haushi ba. Daidai kika yi."

Orfelina ta dube ta, ta kau da kai wajen murhu.

"Ban ajiye ba."

"Ko dunƙule ɗaya?"

"Ke kika sauko da tufkar da hannunki. In na cire wasu ai na ce miki ban yarda da ke ba ke nan."

"Ai kin faɗa. Kin ce tumaki ma ɓace mini suke yi."

"Wannan magana ce. Tafarnuwar dai na ba ki duka."

Nan ne Uberlinda ta yi kukan da ba ta yi a cikin tafki ba. Orfelina ta bar ta ta ɗan yi, sannan ta ce ta daina ƙara wa garin ruwa, ta ciro tukunya a ƙarƙashin benci, ta je ta yi roƙonta tun mutane ba su fita ba, ita za ta sa surukarta gurzar dankali.

Haka ta bi layi cikin yayyafi. A kowace ƙofa ta tsaya ta ce, "Roƙo na zo yi. Na nutsar da tafarnuwar uwata." Ba wanda ya yi dariya a gabanta. Sai ta juya baya take jin dariyar tana fitowa ta bututun hayaƙi. Kowa kuma da abin da yake cewa: ai mun so mu faɗa, ai mun ɗan nuna. Doña Floridema ta riƙe ƙugu.

"Ni fa na gaya miki ƙiri-ƙiri. Ban tambaye ki ko baftisma kike yi ba?"

"Kin tambaya."

"To me kike so kuma, in buga ƙararrawar coci? Shigo ki sha abu mai zafi, kin yi kama da kazar da ta faɗa rijiya. Gobe da safe muna can."

Suka zo kuwa, maza da mata, da shebur da fartanya da tsofaffin akwatunan kifi. Ɗan Orfelina ya kawo uwarsa a bayan motarsa ta ɗaukar kaya, zaune a kan kujerarta ta gefen murhu, da laima, aka ajiye ta a saman gangare kamar mutum-mutumin da ake zagayawa da shi ranar biki. Daga nan take ba da umarnin da ba wanda ya nema. Maza suka yanka magudana. Da aka fasa bakin ƙarshe tafkin ya yi wani gurnani ya bi hanya, agwagi suna bin sa da ƙorafi. Wake da albasa ba a ko tsaya a kansu ba, sun riga sun zama kunu. Mata suka durƙusa a laka suna ɗago tafarnuwa da hannu biyu, kowace da dunƙulen ƙasarta, suna miƙa wa Uberlinda. Ita ke matsawa. Mai ƙarfi akwati, ruɓaɓɓiya gefe. Tarin gefe ya fi na akwati, ba kaɗan ba. Kowace ta lotse sai ta ce a ranta, yafe mini Inna, har ta gaji ta bar faɗa.

Da aka gama sai aka tsaya cirko-cirko. Lambunta laka ce da ba za ta riƙe kunya ba sai bazara. Busasshiyar ƙasa tana sama, kuma duk ta mutane ce. Kowa a wurin ya san halin marigayiya Eduvina, wasu ma iyayensu mata ne aka yanke wa gindin tafarnuwa. Don Artemio ya shiga duban sama. Doña Floridema ta shiga goge shebur ɗin da ba ya buƙatar guga. Wani ya ce, "Tooo."

"A'a," Uberlinda ta ce. "An gama 'to' a wannan fili. Don Artemio, kana da bakin kunya da ba ka shuka ba, na gani. Doña Flori, ke ma. Ina roƙon masauki. In Allah ya raya su, kowa ya riƙe rabonsa ya shuka."

Duk ido ya koma kan kujerar da ke saman gangare. Orfelina ta gyara riƙon laima.

"Ni idona ba ya gani daga nan," ta ce da ƙarfi. "In kun haɗu da Inna, ke za ki yi bayani."

Aka rarraba su gida huɗu ko biyar, a kan tudu, tsini sama. Sannan aka shiga zauren coci aka ci wainar dankali da soyayyen naman alade a ciki, da farfesun rago, aka sha giyar tuffa. A nan ne aka fito da dariyar da aka ɓoye tun Afrilu. Doña Floridema ta tashi ta kwaikwayi tafiyar mai bokiti biyu. Uberlinda ta ce ba haka ba ne, ta karɓe ta nuna musu yadda ake yi daidai, har da leƙa sama don ganin ko hadari zai yi mata rowa.

Duk hunturun nan baƙuwa ta zama a lambunan mutane. Takan yi sallama a bakin kunyar wani, ta tsuguna ta cire ciyawa, ta duba ganye. Wasu suka yi rawaya suka kwanta, ba su ƙara tashi ba. Sanyi ya ƙona bakin wasu. Na wajen Don Artemio, cikin tsakuwar nan da ta taɓa yi wa addu'a, su suka fara miƙewa. Da bazara ta shigo ta tada kunyoyi a nata wurin, masu tsayi har Doña Floridema ta tambaya ko bishop za a binne, ta sake shuka wake.

A Janairu ganye ya bushe, aka tona. Ba su kai na Eduvina ba. Wasu ma ba su rabu 'ya'ya ba, sun fito dunƙule guda kamar albasa. Bayan sun sha iska aka kawo su duka kan teburin Orfelina, don ba wanda ya yarda ya ɗauki nasa kafin ta gani. Ta ɗauki kowanne ta juya, ta auna a tafin hannu, ta yi tsaki, ta ajiye. Ta ware na masu masauki. Ta ware na iri, ta sa Uberlinda ta tufke su a gabanta, ta sa ta warware ta sake. Tufkar ba ta kai wadda aka sauko da ita tsawo ba, amma tufka ce. Sai ɗaya ya rage a tsakiyar tebur, karkatacce, gefe guda a shanye.

"Wannan fa, Yaya?"

"Wannan ya cika muni, kada ya haifa mana irinsa. Tura shi cikin toka."

Suka jira shi ya yi laushi. Orfelina ta yanka burodi, ta matse ƙwayar a kai ta miƙa mata. Uberlinda ta yi alamar gicciye ta gutsura. Rabonta da ita tun kafin aure. Ta tauna, ta dakata, ta sake taunawa.

"Yaya, ba ta da yaji."

"Da can tana da shi ne?"

"Shekara da shekaru ina gaya wa matan Calama tafarnuwar uwata in ka ci sai ka yi hawaye. Har cewa na yi ƙwaya ɗaya ta ishi tukunyar biki."

"Ƙarya kika yi ta yi musu. Tamu girma gare ta da zaƙi, ba faɗa. Ƙananan nan na kasuwa su ne masu masifa."

Uberlinda ta dubi burodin hannunta, dariya ta ƙwace mata.

"Ashe ko ɗanɗanon ban riƙe ba."

"Ci dai, ki bar surutu," in ji Orfelina. "Miƙo gishiri."